Biro 38 da suka ƙi rubutu ranar jarrabawa, da yadda muka tashi 25 daga cikinsu

Abin ya faru ne a makarantar da nake koyarwa, wata 'yar sakandare ta al'umma a gefen gari, kuma ni aka ɗora wa harkar jarrabawa, wato ni ke karɓar tambayoyi wajen malamai, ni ke kaiwa a buga, ni ke raba takardar amsa, har rigimar wanda ya zo ba biro ma ni ake kawo wa. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ci min rai. Yaro ya yi karatunsa tsakani da Allah, ya shigo aji, a ce a fara, sai ka gan shi yana waige-waige yana neman aro, kafin ya samu an ci minti goma, wani ma kunya ce za ta hana shi tambaya ya zauna shiru yana kallon takarda. Yawancin yaranmu 'ya'yan talakawa ne, akwai marayu da dama, kuɗin biro ɗaya ba komai ba ne a wajen wani amma a wani gidan sai an zaɓa tsakaninsa da kuɗin kokon safe.

Shi ya sa a taron iyaye da malamai na kawo shawarar a yi karo-karo mu sayi biro mu ajiye na jarrabawa kawai, a raba da safe a karɓe in an tashi. Aka yarda, aka haɗa abin da aka haɗa, wata tsohuwa ma da ke riƙon jikokinta ta kwance bakin zaninta ta ba da nata, ban manta ba. A watan Afrilu na shiga kasuwa na sayo kwali biyu, hamsin-hamsin, shuɗi, irin mai gangar jiki garau da kake hango tawadar ciki. Da na kawo ofis sai na cire su daga kwalin saboda gara ta dame mu, duk abin da yake na kwali ba ya daɗewa a ɗakin nan, na samu gwangwanin madarar gari guda biyu na zuba su a tsaye, kai sama, yadda kowa ke zuba biro a gwangwani, na ɗora can saman kabad inda hannun yara ba zai kai ba. Ofishin namu kwano ne ba silin, tsakanin gwangwanayen da kwanon bai fi kamu biyu ba. Sai kuma aka yi dace wani bawan Allah ya kawo mana gudummawar wasu biron, da su muka yi zangon da ya biyo baya da na bayansa, namu na saman kabad ba wanda ya taɓa su sai Janairu.

Ranar Litinin aka fara jarrabawar gwaji ta 'yan aji shida, hunturu ya sauka sosai, irin safiyar nan da hazo ke rufe gari ba ka hango bishiyar bakin get, yara duk sun dunƙule cikin rigunan sanyi leɓe a fashe. Na sauko da gwangwanayen na hure ƙurar da ke kai na raba. Ba a yi minti biyu ba hannuwa suka fara tashi. "Malam nawa ba ya yi." "Malam nawa ya fara ya tsaya." "Malam ka ga yadda ya ɓata min hannu." Ina canza wa wannan wancan yana kira, na canza masa shi ma sabon ya ƙi, aji ya rikice da ƙarar ƙwanƙwasa biro a benci da masu hura masa iska da masu goga shi a bango. Masinjanmu, dattijo mai son taimako, ya zaro ashana daga aljihu ya ce a miƙo masa yanzu zai tashe su, ya ƙyasta ya kara bakin guda huɗu a wuta ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya yi layi uku sannan kan ya karkace tawada ta kwararo wa yarinya a takarda, sauran ukun ko layi ɗaya ba su yi ba. Da ƙyar muka lallaɓa da biron malamai da na ofishin firinsifal, na ƙara wa yara minti goma sha biyar, amma na san wasu hankalinsu bai koma jikinsu ba har aka tashi.

Da yamma na zauna na gwada su duka ɗarin, ɗaya-ɗaya. 62 suna yi, wasu nan take wasu bayan ɗan zane-zane. 38 sun ƙi sam.

Gaskiya raina ya ɓaci ƙwarai, ba don komai ba sai don kuɗin mutane ne kuma amana ce a hannuna. Na zuba goma a leda na nufi kasuwa, a zuciyata na riga na yanke cewa jabu aka sayar min. Mai shagon ya bar ni na faɗi duk abin da ke bakina bai katse ni ba, sannan ya ɗauki ɗaya ya ɗaga shi sama wajen haske yana kallo. Ya ce "Malam, yaushe ka saya?" Na ce Afrilu. "A ina suka zauna?" Na faɗa masa. "A kwance ko a tsaye?" Na ce a tsaye. "Kai sama ko kai ƙasa?" Da na ce sama sai ya girgiza kai ya ce "To ai Malam ba kayan ba ne, ajiya ce. Kuma ba mutuwa suka yi ba yawancinsu, suma suka yi." Ya jawo sabon kwali ya buɗe ya nuna min yadda suke zuwa daga kamfani a kwance, ya nuna min inda yake jera nasa can ƙasan kanta inda rana ba ta kaiwa. Na ce Alhaji ka yi haƙuri na zo maka da zafi, ya ce ba komai, ka leƙa wajen Baba mai gyaran agogo nan kusa ya nuna maka abin da idonka, in ka gani sau ɗaya ba sai an sake yi maka bayani ba.

Baban yana zaune bayan ɗan akwatin gilashinsa, na gaishe shi na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya ciro gilashin nan na ido ɗaya da suke maƙalawa ya ce "Ungo ɗana, sa wannan ka dubi bakinsa." Wallahi shekara nawa ina riƙe biro ban taɓa ganin abin da na gani ranar ba. A can tsinin akwai wani ɗan ƙarfe mulmulalle yana ƙyalli, an dasa shi cikin gurbi, an lanƙwasa leɓen gurbin ya rungume shi ta yadda ba zai faɗo ba amma kuma zai iya juyawa ta ko'ina. Baba ya ce "Ka san boris na keke? To ƙaninsa ne." Ya karɓi wani mai lafiya ya sa na kalla yana shafa shi a farcensa, ina ganin boris ɗin yana juyawa yana fitowa da shuɗi. Ya ba ni ɗaya daga cikin nawa, shi kuma akwai wani busasshen abu kamar ƙanzo ya zagaye boris ɗin da 'yar ƙura a manne, ko motsi ba ya yi. Na huɗun da aka ƙona kuwa na kawo ɗaya, ya nuna min yadda robar da ke riƙe da kan ƙarfen ta narke ta shige ciki ta toshe hanya, ya ce wannan kam sai dai haƙuri.

Daga nan na fara fahimtar abin, sauran kuma na cike da karatu da tambayar Malamar da ke koyar da kemistiri a wajenmu. Duk aikin biro a kan wannan ɗan boris ɗin yake, wanda faɗinsa milimita ɗaya ne a irin wanda muka saba, akwai na 0.7 da na 0.5 masu siririn rubutu. Mafi yawansa yana ciki jiƙe da tawada, ɗan abin da ya leƙo waje shi ke taɓa takarda, in ka ja hannu takardar ta kama shi ya juya, ɓangaren da ya jiƙe ya fito ya shafa mata, wanda ya shafa ya koma ciki ya sake ɗebowa. A bayansa cikin gurbin akwai 'yan hanyoyi sirara da tawada ke bi ta iso gare shi. Kuma shi ne dai murfin tawadar, shi ya toshe bakin ya hana iska shiga ta busar da ita. Ana yin sa da wani abu mai tsananin tauri da ake kira tongistin kabayid, irin wanda ake sawa a bakin abin huda kankare, shi ya sa za ka rubuta har tawada ta ƙare bai goge ba. Abin da ke lalacewa leɓen gurbin ne, wanda ya fi shi taushi nesa ba kusa ba.

Ita kuma tawadar ba irin ta tsangaya ba ce da muka tashi da ita, wadda ake haɗawa da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro da ruwa, in ta bushe a kurtu ka ɗiga mata ruwa ka motsa ta dawo. Ta biro ba ruwa a cikinta, rini ne aka narka cikin wasu sinadarai masu maiƙo dangin sifirit amma masu nauyi da ba sa saurin bin iska, tana da kauri kamar zuma a lokacin sanyi. Don haka mai lasar bakin biro ko mai tsoma shi a ruwan sanyi yana ɓata lokacinsa ne. Nauyinta ne ke sauko da ita a hankali zuwa ga boris, kuma duk abin da ya fita ta gaba dole iska ta shiga ta baya ta cike gurbinsa, kamar dai gwangwanin madarar ruwa da in ka yi masa huji ɗaya ba ta zuba da kyau sai ka ƙara na biyu. Shi ya sa ƙarshen bututun a buɗe yake, shi ya sa kuma za ka ga wani ɗan mitsitsin huji a jikin wasu biron, ba kuskuren kamfani ba ne, ƙofar iska ce. Abin da ke hana tawadar zubowa ta wannan buɗaɗɗen bayan kuwa kaurinta ne da ƙuncin bututun, ba wani abu ba.

To ka ga abin da na yi musu ke nan. Zafin Afrilu da Mayu a ƙarƙashin kwano ya sassauta tawadar yadda zuma ke saki in ta sha rana, ga su a tsaye kai sama wata da watanni, sai ta riƙa zamewa baya kaɗan-kaɗan tana barin boris, iska tana shigowa ta gefensa tana zama a wurin. Ɗan abin da ya rage a bakin ya bushe ya zama ƙanzon da na gani. Sai hunturu ya zo ya ƙara daskarar da sauran ya yayyafa ƙura a kai.

Wani abu da na ci karo da shi a karatun da ya burge ni, ashe biro sunan mutum ne. Laszlo Biro, ɗan jarida ne ɗan ƙasar Hangare, ya lura tawadar da ake buga jarida da ita tana bushewa da wuri ba ta damewa, ya gwada ta a alƙalamin zamanin mai tsinin ƙarfe ta ƙi sauka saboda kauri, sai shi da ɗan'uwansa Gyorgy masanin haɗa sinadarai suka koma ga dabarar boris, suka yi rajistar abin a 1938. Yaƙin duniya na biyu ya kore su suka koma Ajantina, can suka sake rajista a 1943, har yau ranar haihuwarsa, 29 ga Satumba, ita ce ranar masu ƙirƙira a ƙasar. Ba shi ya fara tunanin ba, tun 1888 wani Ba'amurke John Loud ya yi rajistar makamancinsa don yin alama a jikin fata, sai dai bai yi kyau a takarda ba. Wanda ya mayar da shi abin talaka shi ne Marcel Bich a Faransa, da ya fito da Bic Cristal a 1950, shi ya sa 'yan'uwanmu na Nijar bik suke ce masa mu muna cewa biro, kowa da sunan da ya iso masa. Hujin da ke saman murfinsa kuwa daga 1991 aka fara yi, saboda yaran da ke tauna murfi, in ya maƙale a maƙogwaro a samu hanyar numfashi. Wannan na faɗa wa yaranmu musamman domin masu taunar murfi a cikinsu ba kaɗan ba ne.

Ranar Asabar na kira yara shida da Malamar muka baje 38 ɗin a teburi. Abin da na fi so mai karanta wannan ya riƙe shi ne ba mu fara da gyara ba, mun fara da dubawa, domin kuskuren ranar Litinin shi ne kowa magani ɗaya yake ɗura wa kowane biro bai san ciwonsa ba. Muka zare bututun kowanne muka ɗaga wajen haske. Shida tawadarsu ta gangara ta fita ta baya ta cika gangar jikin ta ƙafe, su muka ware gefe ba abin da za a yi musu. Goma sha ɗaya ana ganin gibi ƙarara, fili fari tsakanin tawada da kai ko a tsakiyarta. Ashirin da ɗaya kuma tawada cike har baki ba gibi amma ba rubutu, cikinsu har da huɗun da suka sha ashana, saura 17 ke nan da ake sa rai.

Da 17 ɗin muka fara, da abu mafi sauƙi. Ƙasan silifas mai tsabta, a riƙe biro a tsaye a ɗan danna a yi ta zana da'ira. Dalilin shi ne takarda santsi gare ta, boris da ya maƙale sai ya yi ta zamewa a kanta bai juya ba, roba kuwa tana cafke shi ta tilasta masa juyawa ya fasa ƙanzon. Tara suka tashi a nan, wani cikin daƙiƙa kaɗan wani sai da aka ɗan jima, kana ji a yatsunka lokacin da ya saki, sai ka ji ya daina karta ya fara sulɓi. Na hana su gogawa a bango ko siminti ko da wasa, yashi ne ke shiga gurbin kuma leɓen yana cinyewa, biron da aka goga a bango in ma ya tashi sai ya riƙa tara tawada a baki yana ɓata takarda.

Takwas da suka rage muka kai su ruwan zafi. Ba mai tafasa a kan wuta ba, irin wanda za ka haɗa shayi da shi, a kofi, a tsoma kan ƙarfen da kamar gaɓar yatsa ɗaya ta bututun, gindin bututun ya tsaya a waje kada ruwa ya shiga ta can. Minti biyar, a goge da tsumma, a koma kan silifas sannan takarda. Biyar suka tashi. Aikin da masinjanmu yake so ashana ta yi ke nan, kuma tunaninsa daidai ne, zafi yana sassauta tawada, matsalar dai harshen wuta ya fi ƙarfin robar da ke riƙe da kai kuma yana ƙona tawadar bakin ta zama gawayi. Na san akwai masu cewa su kullum da laita suke tashin nasu kuma yana yi, na yarda yana yi wani lokaci in an wuce da shi sau ɗaya da sauri, amma ni na ga huɗu sun tafi a gabana cikin minti biyu, ba zan ba yaro wannan shawarar ba.

Saura uku. Malamar ta ɗauko sifirit daga akwatin magani ta zuba a murfin kwalbar, muka tsayar da bakinsu a ciki. Nan take ka ga shuɗi yana fita yana bin sifirit ɗin kamar hayaƙi, domin shi ne yake narkar da irin wannan tawadar, ta ce ko sanitaizan wanke hannu irin na lokacin korona zai yi. Bayan 'yan mintuna biyu suka tashi. Na ukun ya ƙi, da na mayar wa Baba ya duba sai ga leɓen gurbin ya loɓa ta gefe ɗaya ya danne boris, alamar ya faɗi da kai a ƙasa ko cikin masu ƙwanƙwasa benci ne. Irin wannan ba shi da gyara, kuma shi ne dalilin da ya sa biron da ya faɗo daga teburi da baki yakan mutu alhali cike yake.

Masu gibin iska su ne suka fi ba mu aiki. A nan boris lafiyarsa lau, tawadar ce ba ta iso masa ba, don haka ko ka kwana kana goga shi a roba ba abin da zai fito. Dole a turo ta gaba. Yarfa hannu kamar yadda ake yi wa abin auna zafin jiki yana ɗan taimakawa in gibin ƙarami ne, amma abin da ya yi mana aiki sosai majajjawa ce. Muka ɗumama su tukunna a ruwan zafi don tawadar ta saki, muka mayar cikin gangar jiki muka rufe murfi, muka ɗaure zare mai tsawon hannu a gindin biron muka ƙarfafa da salatef, muka fita fili yaro ya yi ta wulwulawa da ƙarfi kamar minti ɗaya. Abin lura ɗaya ne, bakin biron ya kasance shi ne a waje, can nesa da hannu, domin duk abin da ake wulwulawa waje yake gudu, in ka ɗaure ta baki to ta baya za ta fita a rigarka. In aka tsaya aka duba sai ka ga gibin ya matse ko ya ɓace. Takwas suka tashi da haka, wasu sai a zagaye na biyu ko na uku. Uku da suka rage tawadarsu ta yanke gida-gida, muka samo sirinji ba allura muka kafa bakinsa a bayan bututun ana turawa a hankali ana zane a takarda lokaci guda, ɗaya ya tashi biyu suka ƙi. Yaran sun so su zuƙa da baki ta gaba kamar yadda suka saba, na hana, ba abinci ba ce kuma wanda ya taɓa yini da shuɗin harshe ya san ba ta fita da sauƙi.

25 ke nan suka dawo, 13 suka tafi.

Akwai kuma wani abu da ya faru a tsakiyar makon jarrabawar wanda ya kusa sa in zargi biron da ba su da laifi. Ranar Laraba wata yarinya, cikin masu ƙoƙarin ajin, ta ɗaga hannu ta ce nata ya tsaya, na canza mata, ba a jima ba ta sake ɗagawa, na sake canzawa, a karo na uku na tarar hawaye take yi tana cewa "Malam wallahi na san amsar, biron ne ba sa so na." Na ciro nawa na aljihu wanda na san lafiyarsa na ba ta, shi ma ya yi harafi biyu ya tsallake uku. Sai na ja takardar na gwada a can sama, ya rubuta sumul, na gwada a ƙasa inda take, ya ƙi. Na karkata takardar wajen taga sai ga ƙyallin maiƙo. Hannunta ya yi kaushi saboda hunturu har ya fara tsagewa, mahaifiyarta ta lafta mata basilin da safe, gefen hannun da ke kwanciya a takarda yana shafe layukan ƙasa kafin ta iso gare su, boris yana zuwa wurin ya samu santsi ya daina juyawa. Na ba ta sabuwar takardar amsa, na ninke wata na sa mata a ƙarƙashin hannu, ta ƙarasa da biron farko da ta ce ya mutu. Tun daga ranar duk wanda ya ce min biro ya tsaya, kafin in karɓa sai na ce gwada a saman shafi tukunna. Kuma wanda ke rubutu a falle ɗaya kan benci mai tauri nakan sa ya ɗora a kan wasu takardun, boris ya fi kamawa in akwai ɗan taushi a ƙasa.

Mu malamai ma ashe muna kashe namu ba mu sani ba. Takardar sa hannu da ake mannawa a allon sanarwa, kowa ya zo ya sa hannu a tsaye bakin biro yana kallon sama, kalma biyu uku boris ya juya ba tawada a bayansa ya jawo iska ciki, ka koma aji ka ce biro ya lalace. Wannan matsalar ce ta sa Paul Fisher a Amurka ya yi biro mai rufaffen bututu da aka matse iskar gas a bayan tawadar tana tura ta, wanda 'yan sama jannati suka fara tafiya da shi a 1968, shi ko a kife yana rubutu. Namu na kasuwa ba shi da wannan, don haka na sa aka sauko da takardar kan teburi.

A taron iyaye na gaba na tashi na faɗi abin da ya faru ban rage komai ba, na ce ajiyata ce ta jawo, 13 ɗin kuma na saya na mayar daga aljihuna. Cikin tara masu gibin iska da muka tasa, uku sun sake tsayawa bayan kamar mako biyu, muka sake wulwula su suka ci gaba, waɗanda aka tasa da roba da ruwan zafi da sifirit kuwa ba wanda ya sake ba mu matsala har tawadarsu ta ƙare. Yanzu a kwance suke cikin robar abinci mai murfi a durowar ƙasa, kowanne da murfinsa, ba na sayen na shekara gaba ɗaya, na zango kawai, kuma ranar Juma'ar da ke gaban jarrabawa ni da yara biyu muke zama mu ja layi da kowanne kafin a raba.

Huɗun da aka ƙona da wanda ya loɓa suna nan a durowata ban zubar ba. Baba ya ba ni wani tsohon gilashinsa da ya daina amfani da shi, farkon kowane zango nakan shiga da su ajin 'yan aji ɗaya tare da mai lafiya guda, su sa ido ɗaya-ɗaya su ga boris yana juyawa a wannan kuma ya ƙame a wancan. Layi suke yi har bakin ƙofa, wasu in sun gani sai su koma baya su sake bin layin.